Hannun Hagu na Bappa Jaye

Tun ranar da aka kawo Dija rugar Bappa Jaye a matsayin matar ɗansa Buba, ba ta taɓa ce wa tsohon uffan ba. Ba gaba ba ce, ba kuma raini ba. Kunyar suruki ce irin ta Fulani, haka ta taras uwarta na yi, haka ita ma ta ɗauka. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci inda idonsa zai kai, in kuwa suka yi kiciɓis a hanyar rijiya sai ta ratse ta durƙusa har ya wuce. In yana son wani abu daga gare ta, matarsa Gogo Asta yake gaya wa, ko da Dija na tsaye a gefe tana ji. Ta san muryarsa, ta san takunsa, ta san gyaran muryar da yake yi in ya doso bukkoki don mata su kintsa. Fuskarsa ce kawai ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Rugarsu tana cikin daji tsakanin Cadawa da Gazawa, a gefen gonar wani Bahaushe mai suna Malam Labo, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Katsina. Kowane rani shanun Jaye suna kwana a gonar su bar taki, shi kuma Labo ya aiko da damman gero. Zumunci ne da ya girmi Buba.

Sai ga shekarar da damina ta yi ƙarya. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Tafkuna suka bushe tun kafin a ce kaka ta zo, ciyawa kuwa ko ta shara babu. Buba da sauran samarin rugage suka tattara abin da ya rage na shanu suka yi kudu. Iyakar Nijeriya a rufe take a lokacin, sai ta daji ake satar hanya, wanda ya ƙetara kuma ba a sake jin ɗuriyarsa. Jaye ya so ya bi garkensa, amma Gogo Asta tana kwance, Dija kuma tana jego da ɗiyarta Mariyama. Aka bar masu saniya ɗaya mai farin goshi, Wule, saboda nono, da jaki ɗaya na ɗibar ruwa.

Gogo Asta ba ta ga ƙarshen sanyi ba. Bayan rasuwarta aka musanya jakin da buhun garin rogo. Maƙwabta suka yi ta kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana in Dija ta fito da safe ba ta ganin hayaƙin kowa sai nata.

Da yake babu sauran mai isar da magana tsakaninsu, sai suka koma bi ta kan jaririya. Jaye zai tsaya a bayan bukka ya ce, “Mariyama, ki gaya wa innarki na tafi sassabo wa Wule ganye.” Dija ta amsa daga ciki, “Mariyama, ki ce wa kakanki ruwa na nan a gora.” Ita kuwa Mariyama tana can tana tsotsar hannu.

Wata rana da hantsi Dija na wankin anza, waɗannan 'ya'yan itace masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai yunwa, sai ta ji Wule na wani irin kuka. Ta leƙa. Saniyar na tsaye a gindin gawo, gatari yana yashe, Jaye kuma yana kwance rub da ciki, fuskarsa cikin rairayi.

Ta ruga, sai kuma ta ja ta tsaya a kansa. Ba ta taɓa taɓa ko bakin rigarsa ba. Ta waiga gabas, ta waiga yamma, ba kowa. Ta ji yana gurnani, rairayi na shiga masa hanci. Ta durƙusa ta kama kafaɗarsa ta juya shi.

Ranar ta fara ganin fuskar surukinta sosai. Bakin ya karkace gefe guda, miyau na dalala cikin gemu, idon dama ya saki. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito bai wuce “aa… aa” ba. Hannunsa na dama yana kwance kamar igiyar da ta jiƙe, ƙafar ma haka. Idon hagu ne kaɗai yake kallonta tar, kuma abin da ta gani a cikinsa kunya ce, ba tsoro ba.

Ta saɓa goyo ta yi ƙauyen Malam Labo da gudu. Ta same shi zaune a inuwar rumbun da ba kome a ciki, ya rame har kunnuwansa sun yi tsawo. Ya biyo ta, suka kinkimi tsohon suka kai shi bukka. Labo ya tofa addu'a, ya ɗaga hannun daman ya sake shi, ya girgiza kai.

“Shanyewar ɓarin jiki ce, ɗiyata. Sai likita, shi ma in Allah ya so.”

“A kai shi Cadawa mana,” in ji Dija da Hausarta mai gardama.

“Da mi? Ga amalanke can a jingine, amma san da ke jan ta ya mutu. Yarana duk sun tafi Maraɗi neman abin sa wa baka. Ni ma gobe zan kwashi mata mu taka zuwa Cadawa, an ce ana rabon dawa. In na isa zan faɗa masu a buro, wajen hukuma, ko su turo mota.”

Ya kama hannun hagun Jaye ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, sannan ya tafi. Motar buro ba ta zo ba.

Kwanakin farko Jaye ya ƙi cin kome daga hannunta. In ta kawo ludayi bakinsa sai ya kau da kai. Ta ajiye ƙwaryar a gefensa, ya miƙa hannun hagu, sai kuma ya janye. Mutumin da ya tsufa bai taɓa kai loma da hagu ba. Dija ta ɗauki jaririya ta fita, ta tsaya bayan zana ta ce da ƙarfi, “Mariyama, ki ce wa kakanki mun tafi rijiya, ba mai ganinsa.” Da ta dawo ta tarar da rabin kunun a ƙirjinsa, rabi kuma ya shiga ciki.

Sauran lalurar jiki ita ce ta fi wuya. In ta zo gyara shi, sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, ita kuma ta kau da kanta gefe, ta yi aikin da lalube. Ba wanda ya taɓa nuna wa ɗan'uwansa cewa abin ya faru.

A hankali hannun hagun nan ya koyi magana, ita kuma ta koyi ji. In ya dunƙule yatsu ya kai baki, ruwa yake so. In ya shafa ƙasa da tafi, lokacin salla ya yi, sai ta juya shi gabas ya yi taimama, ya yi sallarsa da ishara, yana sunkuyar da kai a madadin ruku'u da sujada. In ya buga sandarsa a ƙasa, kira ne. In ya miƙe babban yatsa da ɗan ƙarami kamar ƙaho, Wule yake tambaya. Duk wannan ba ya yiwuwa sai ta dube shi, don haka ta koyi kallon hannun, daga nan ta koyi kallon idon, domin wani lokaci hannun ya faɗi abu, idon ya gyara.

Akwai ishara ɗaya da ta ƙi koya. Yakan nuna ta, ya nuna goyonta, sannan ya kaɗa bayan hannu wajen yamma, inda Cadawa take, kamar mai korar kaji. Duk lokacin da ya fara, sai Dija ta sunkuyar da kai ƙasa irin na surukar kirki. Ya buga sanda, ya sake bugawa, ita dai idonta na kan yatsun ƙafarta.

Ba wai ba ta yi tunanin tafiyar ba. Ta yi, ba sau ɗaya ba. In ta kama hanya da asuba da goyo kaɗai, kafin rana ta faɗi ta isa. Amma rijiyar da ta rage da ruwa ma in ta je sai ta dawo da faɗuwar gaba. Ran nan ta daɗe tana jiran ruwa ya tsattsafo a ƙasan rijiya, da ta dawo ta hangi ungulu biyu a bakin bukka, ɗaya har ta sa kai ciki, Jaye yana ta kaɗa sanda daga kwance, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta jefe su da guga. Tun daga ranar take jawo ƙaya ta toshe ƙofa kafin ta fita. Ɗaukarsa ba ta iyawa, barinsa ba ta iyawa. Daji ne fetal ta kowace fuska, ba katanga ba shinge, amma ji take kamar an jefa ta rijiya an janye igiya.

Garin rogo ya ƙare. Suka koma anza da ganyen jiga, da ɗan hatsin da take tonowa a gidan tururuwa. Nonon Wule ya ƙafe. Wata safiya saniyar ta durƙusa, aka yi aka yi ta ƙi tashi. Jaye ya ji shirun, ya yi alamar ƙaho. Dija ta kwantar da tafinta ƙasa. Ya daɗe yana kallon rufin bukka, sannan ya ja yatsa a maƙogwaronsa, ya nuna wuƙar da ke soke a zana.

“Mariyama,” in ji Dija, “ki ce wa kakanki mace ba ta yanka.”

Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna waje.

Ta ja shi a tabarma har gaban saniyar. Ya ɗora goshinsa a wuyan Wule. Sannan ya riƙe wuƙar da hagu, ita ta dafa bayan hannunsa da nata biyu don ba shi da ƙarfi. Leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito. Dija ce ta yi bisimilla a bayyane, suka ja tare.

Naman ba shi da kitse ko na shafa wa leɓe, amma ta yanyanka ta shanya, ya riƙe su wani lokaci. Fatar kuma ta kafe ta da turaku a rana har ta bushe ƙamas.

Nesa kaɗan da rijiya akwai wata hanyar rairayi da motoci ba su cika bi ba. A 'yan kwanakin nan Dija ta fara jin rugugin babbar mota jefi-jefi, kamyo mai ɗauke da buhuna zuwa ƙauyukan arewa. Ranar da ta ji ƙarar tun daga nesa tana bakin rijiya, sai ta yar da tulu ta ruga. Ta isa kan wani tudu daidai lokacin da motar ke wucewa. A gaba akwai direba, kusa da shi wani nasara jajawur mai hular kaba.

Ta ɗaga hannu sama, tafi yana kallon ƙasa, ta yi ta yafito su da dukkan ƙarfinta. Ku zo, ku zo. Nasaran ya gan ta. Ta ga ya gan ta. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, ya zuro hannu ta taga, ya yi mata irin abin da take yi, yatsunsa na buɗewa suna rufewa. Ta ɗauka cewa yake ta ƙaraso. Ta gangaro a guje, goyo na bugun bayanta. Motar ba ta rage gudu ba. Ta bi ta har ƙafafunta suka harɗe, ta faɗi a kan gwiwa cikin sawun taya.

Da ta koma ruga ba ta shiga bukka ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba tsohon baya, ta kwance goyo ta sa a nono. Mariyama ta ja, ta ja, ta saki, ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan akuya. Dija ta dube ta. Wuyan yarinyar ya zama kamar sillen kara.

“Mariyama,” ta ce, “ki gaya wa kakanki na ga mota. Na kira su, sun gan ni. Sun kira ni su ma, da na zo suka tafi. Ki tambaye shi ko haka ake yi a duniya.”

Sanda ta bugi ƙasa. Ta ƙi juyawa. Ta sake bugawa, a hankali wannan karon, kamar mai roƙo. Dija ta juya.

Ba alamar kora ya yi ba. Ya nuna fatar Wule da ke jingine, ya nuna kansa, ya kwantar da tafi a kan tabarma. Ya nuna igiyar guga, ya nuna ta, ya yi kamar mai ja. Sannan ya share ƙasa a gefensa, ya ja layi dogo da yatsa, ya yi gurnani a maƙogwaro irin na mota. Ya ɗauki wani ɗan tsinke ya gitta shi a kan layin. Ya nuna tsinken, ya nuna ƙirjinsa.

Abin da Dija ta fahimta shi ne yana so ta shimfiɗa shi a hanya mota ta taka shi, ita ta huta.

“A'a, Bappa!”

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta rufe baki da hannu. Ba ta bi ta kan Mariyama ba, shi ta gaya wa, ido cikin ido. Tsohon ya tsaya cak yana kallonta. Sai gefen bakinsa mai rai ya motsa, kafaɗarsa ta girgiza, ta gane dariya yake yi. Ya kaɗa yatsa alamar ba haka ba. Ya dunƙule hannu ya tafiyar da shi a kan layin yana gurnani, da ya iso gab da tsinken sai ya tsayar da shi, ya yi shiru. Ya sake yi. Hannun ya zo, ya tsaya.

“In bai tsaya ba fa?” ta ce a hankali.

Ya nuna sama da yatsa ɗaya.

Washegari da sassafe ta huda fatar ta zura igiya, ta mirgina shi a kai. Ta ɗaura gorar ruwa da sauran busasshen nama da sandarsa a gefensa. Da yake igiyar za ta bi ta ƙirjinta da kafaɗa, ba wurin goyo, sai ta kwantar da Mariyama a ƙirjinsa, ya rungume ta da hannun hagun. Ta waiwayi bukkokin, da ƙorai na Gogo Asta a jere, ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Ta ja kamar takarkari. Inda ƙasa ke da tauri fatar ta yi ta sulɓi, inda rairayi ya yi zurfi sai ta nutse, Dija ta koma ja da baya tana tirjewa da dugadugai. Igiyar ta sale mata kafaɗa, ta naɗa bakin zane a wurin. Ƙarangiya ta cika mata ƙafa. In ta waiga sai ta ga idon nan ɗaya yana kallonta, amma hannun da ke magana yana riƙe da jika, don haka ba ta san abin da yake cewa ba. Rana ta take tsaka kafin su kai hanyar.

Ta gitta shi a tsakiya, kansa a sawun taya ɗaya, ƙafafunsa a ɗayan. Ta kafa sandarsa ta rataya mayafinta don ya sami inuwa. Ita kuma ta zauna a gefensa cikin hanyar. Ya kaɗa mata hannu wai ta matsa gefe. Ta dubi ƙasa.

Ranar mota ba ta zo ba. Suka kwana a wurin. Gari ya waye gorar ta kusa ƙarewa, Dija kuwa ta san ko da za a yanka ta ba ta da ƙarfin mayar da shi ruga. Ta jiƙa bakin zane tana ɗiga wa Mariyama, tana shafa wa tsohon a leɓe. Ungulu suka fara kewaya a sama.

Sai da la'asar sakaliya suka ji rugugin. Motar ta ɓullo daga arewa, ta sauke kaya tana dawowa, tana gudu don kada rairayi ya riƙe ta. Ta yi oda. Ta sake yi, mai tsawo. Dija ta ƙanƙame 'yarta ta runtse ido. Ta ji hannun tsohon ya kama idon sawunta ya riƙe gam. Ƙarar ta cika duniya, aka ji ƙugin birki, rairayi ya watso masu, sannan shiru, sai zafin inji a fuskarta.

Direban ya diro, yau ba nasaran tare da shi, wani dogon mutum mai tsagen Katsinawa, yana ta faɗa. “Ke mahaukaciya ce? So kike ki ɗora mani alhakin rai? In da birkin nan ya ƙi fa?” Ya zagayo, ya ga bakin tsohon, ya ga jaririyar, sai faɗan ya mutu a bakinsa. Ya dubi Dija da kyau. “Ke ce ta kan tudu rannan.”

“Ka gan ni ashe.”

Ya sosa ƙeya. “Na gan ki. Shi nasaran gaisuwa ya ɗauka, su haka suke yin sai an jima. Ni kam na san kira ne, ba zan yi maki ƙarya ba. Amma baiwar Allah, daga nan har ƙauyen ƙarshe ba inda ba a yafito ni. In na tsaya wa kowa, ba buhun da zai isa inda aka aike shi.” Ya sake duban tsohon da ke gicciye a hanya. “Sunana Dogo, mutumin Jibiya ne ni, rufe iyaka ya rutsa da ni a nan. Can wajenmu sigina muke ce wa irin wannan, bakin Turawan Ingila ne. Fitilar mota sigina ce, hannun ɗan sanda sigina ne, tutar mai jirgin ƙasa ma haka. Na tsufa a hanya, amma ban taɓa ganin wadda aka yi da mutum sukutum ba.”

“Ka kai mu Cadawa.”

“An hana ni ɗaukar kowa. In jandarma suka gani, aikina ya tafi.”

Jaye ya saki ƙafar Dija, ya ɗaga hannu. Ya nuna ta, ya nuna Mariyama, ya nuna motar. Sannan ya nuna kansa, ya dafa ƙasa.

Dogo ya ce, “Kin gani, shi da kansa ya faɗa. In ɗauke ki da yarinyar a gaba, in ce matata ce. Shi a bar shi a inuwa, in na isa in faɗa a zo a ɗauke shi.”

“Ba haka ya ce ba,” in ji Dija. “Ba ka jin maganarsa, ni ke ji. Ya ce ka fara sa mu a ciki, sannan ka ɗaga shi daga ƙasa, don shi ba ya iya tashi.”

Tsohon ya yi ta dukan rairayi da tafi, yana “aa, aa.”

“Yanzu kuma mi yake cewa?”

“Ya ce ka yi sauri.”

Dogo ya dube ta, ya dubi tsohon, ya yi tsaki, ya yi 'yar dariya. Ya sunkuya ya cicciɓe shi kamar damin kara, ya kwantar da shi a bayan motar, ya lulluɓe su duka da buhunan da ba kome. “In kun ji na tsaya, kada wanda ya yi tari.”

A bayan garin Cadawa suka tarar da wani gari na biyu, na zana da tsumma da buhu, cike da Fulani da Buzaye da manoman da gonakinsu suka kore su. Nan Dija ta ga Malam Labo a layin rabo. Ya rantse mata ya faɗa a buro, aka ce ya jira. Shi ya taimaka mata ta kafa 'yar rumfa kusa da tasa. Likita ya zo ya duba Jaye, ya ce ba abin da allura za ta yi, a dai riƙa juya shi. Mariyama aka ba ta kunun madara, wuyanta ya fara cikowa.

Sun tsira da rai, amma wurin ma wani turke ne. Ba a barin layi don kada rabon jar dawa ya wuce mutum, ba kuma inda za su nufa. Jaye yakan kwana ya wuni yana kallon ƙafafun mutane na wucewa ta ƙarƙashin buhu. Duk mai motar da Dija ta ji zai yi kudu, sai ta ba shi saƙon baka, a gaya wa Buba ɗan Jaye suna Cadawa.

Damina ta dawo, ta yi kyau har mutane suna mamaki. Manoma suka karɓi iri suka koma gonakinsu, Labo ma ya tafi. Rumfuna suka yi ta raguwa, aka bar waɗanda ba su da gona ba su da dabba.

Gero ya fara fitar da kai ranar da Buba ya iso. Dija na dakan dawa ta ga wani baƙin mutum ramamme ya tsaya a gabanta da sanda a kafaɗa, sai da ya yi magana ta gane shi. Ya tambayi uwarsa, ta gaya masa. Ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya shiga rumfar ya gaida ubansa, ya jira amsa, ba ta zo ba.

Jaye ya shafa fuskar ɗansa, ya shafa kafaɗarsa. Sai ya miƙe babban yatsa da ɗan ƙarami, ya ɗaga masa.

Buba ya waigo. “Me yake nufi?”

“Shanu yake tambaya.”

Buba ya ajiye sandarsa, ya buɗe tafukansa biyu a gaban tsohon, ya bar su a buɗe. Jaye ya daɗe yana kallonsu. Ya sauke hannunsa a hankali, ya juya fuska wajen zana.

Daga baya ne Buba ya ba Dija labari: wasu sun mutu a hanya, wasu cuta ta kwashe su a dajin kudu inda ƙudan tsando yake, 'yan ragowar kuma aka ƙwace a wani rikici da masu gona.

Jaye ya rasu bayan an gama girbi, aka rufe shi a makabartar Cadawa cikin Hausawa. Ba su koma ruga ba. Buba ya sami kiwon shanun wani ɗan kasuwa na garin, yana fita da su da safe ya dawo da su da yamma, ba ko ɗaya nasa. Dija kuma ta kama sayar da fura a bakin tasha, da nonon da take karɓa a hannun wasu. Mariyama a nan ta yi tafiya, a nan ta yi baki, kuma da Hausa ta fara magana.